Kwaɗon da Ke Kan Teburin Yayana

In mutum ya tambaye ni aikin me yayana yake yi, ba na wahalar da bakina da zancen kwamfuta. Cewa nake yi gadin kwaɗo yake yi. Sai a kwashe da dariya, a ce, "Auta, ba ki da dama." To ni ba wasa nake yi ba. Kwaɗon ƙofa ne na gaske, tsoho, wuyansa duk tsatsa, makullinsa ya ɓace tun kafin a ɗauki Yaya aiki, kuma yana nan zaune a kan teburinsa kusa da kofin shayi. Da idona na gan shi.

Mu biyu muka rage wa Baba bayan rasuwar Mama, ni da Yaya. Baba mai gyaran rediyo ne, shagonsa wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar wani bene, inda mutum biyu ba sa iya zama sai gwiwoyinsu sun haɗu. A nan Yaya ya girma, yana riƙe wa Baba ƙarfen dalma, yana tsince ƙananan kusoshi daga ƙasa. Tun bai iya ɗaura wandonsa da kyau ba Baba ya sa masa Injiniya, sunan kuma ya bi shi. Yaro ne mai hannu mai kyau, ba ya ɓata abu, ba ya gaggawa. Aibinsa guda ne, kuma har yau bai rabu da shi ba: bai iya cewa a'a ba. Yayana, ko kaza ce ta hau tabarmarsa, shi zai matsa mata.

Da ya gama karatu sai ya sami aiki a wani ƙaramin kamfani da ke rubuta manhajar shagunan magani, wadda ke gaya wa mai shago abin da ke kan kanta, da abin da ya ƙare, da maganin da lokacinsa ya wuce. Ofishin ɗaki ɗaya ne dogo a saman wani shagon tayil. Taga ɗaya gare shi, ita ma allon tallan shagon ƙasa ya rufe rabinta. Fanka tana juyawa tana kuka, wayoyi sun bi ƙasa kamar igiyar shanya da ta tsinke. A can ƙarshen ɗakin, inda iska ba ta kaiwa, nan teburin Yaya yake.

Ni ɗinki nake yi, ban san kwamfuta ba. Abin da na sani na ofishin nan daga bakin Yaya na ji shi, da bakin wata abokiyar aikinsa, mai gwada manhajar kafin a tura wa shaguna. Ni nake mata ɗinki, kuma in ta zo awo ba ta tashi sai ta zazzage min labarin ofis kaf.

Ga yadda abin yake. Duk rubutun da suke yi wuri ɗaya yake taruwa a babbar kwamfutar ofis, suna kiransa babban layi. Abin da ke cikin babban layi shi ake tura wa shaguna. In wani ya zuba kuskure a ciki, da safe mai shagon magani zai buɗe kwamfutarsa ya tarar ba ta san farashin ko maganin ciwon kai ba. Suna da wata manhaja da ke ajiye tarihin duk abin da kowa ya taɓa, kuma tana ba da damar mutum ya cire reshe daga babban layin, ya yi aikinsa a gefe, in ya gama ya mayar. Sai dai rassanta masu nauyi ne. Sunan da ka sa wa reshe ya zauna ke nan a tarihi, ba ya goguwa. Wani tsohon ma'aikaci, ranar da zai bar aikin, ya buɗe reshe ya sa masa suna "manaja bai san komai ba". Har gobe in aka buɗe tarihin sai an gan shi. Tun daga ranar Manaja ya ce wanda ya sake buɗe reshe a ofishinsa ya nemi wani aikin.

To mutum da yawa, layi ɗaya, ya za a yi? Sai wani ya ɗauko tsohon kwaɗon ƙofar sito, aka ce wanda kwaɗon ke kan teburinsa shi kaɗai zai zuba aiki a babban layi, saura su jira. Da farko yawo yake yi daga tebur zuwa tebur. Amma a hankali aka lura cewa in yana wurin Yaya ba a samun matsala. Sai wannan ya ce, "Mai Kwaɗo, tunda yana wurinka, haɗa min da nawa mana." Wancan ma haka. Yaya ya ce to. Shekaru suka tafi, kwaɗo bai sake barin teburinsa ba, sunan Mai Kwaɗo kuma ya danne na Injiniya a ofis. Da hantsi ake tura sabon aiki zuwa shaguna, don haka tun da sassafe yake zama yana haɗa na kowa. Bai taɓa ɗaukar hutu cikakke ba. Ranar da matarsa ta haihu ma sai da ya leƙa ofis.

Ana nan sai Baba ya fara mantuwa. Da farko tabarau ne, sai hanyar masallaci, sai sunayen maƙwabta. Na kwashe keken ɗinkina na dawo gidan Baba da shi, na mayar da zaure shago. Abin da likita ya faɗa mana shi muka gani: da safe hankalinsa garau yake. Zai sha shayinsa, ya tsokane ni cewa ɗinkina ya karkace, ya tambayi labarin jikoki. Rana tana ɗagawa sai abin ya fara dushewa. Kafin la'asar ni kaina wani lokaci "yarinyar nan" nake zama.

Kullum da safe tambayarsa ɗaya ce: "Auta, ina Injiniya?"

"Yana wurin aiki, Baba. Jiya ma ya zo."

"Ya zo? Ban gan shi ba."

Gaskiyarsa, bai gan shi ba. Yaya yana zuwa kusan kullum, bayan ya tashi aiki, ya hau mota biyu ya ƙetare gari, ya iso da yamma a gajiye da leda a hannu. Ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya dube shi da ladabi irin na baƙo ya ce, "Sannu bawan Allah, wa kake nema?" Sai Yaya ya yi murmushi ya zauna a bakin ƙofa. Ni kuwa sai in shige kicin in yi ta buga tukwane, don in na tsaya kuka zan yi. Ko ranakun da ba aiki bai tsira ba, shagunan magani ba sa rufewa, wayarsa ma ba ta rufewa.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Na bar wa maƙwabciya Baba, na yafa gyale, na hau motocin nan biyu har ofis. Na tarar da mutum uku tsaye a kan Yaya, kowa yana jiran a haɗa nasa, shi kuma ya sunkuya ko ɗago kai bai yi ba. Manaja ya tare ni da fara'a, mutum ne mai laushin baki, irin wanda zai hana ka abu ka fita kana masa godiya. Na ce safiya kawai muke roƙo, ya riƙa shigowa da azahar. Ya ce, "Wallahi ƙanwata, mahaifinsa mahaifina ne. Amma in ya tafi wa zai riƙe kwaɗo?"

Na ce, "Kwaɗon ƙafa gare shi da zai gudu?"

Yaya ya ce, "Auta, don Allah." Ya raka ni har bakin titi yana ba ni haƙuri, kamar ni aka yi wa laifin.

Ashe maganar ta zauna masa. Bayan 'yan makonni ya shigo zaurena da yamma, fuskarsa a sake yadda na daɗe ban gani ba. Ya ja kujera ya ce, "Auta, in aka kawo miki yadi mai tsada, kai tsaye kike sa masa almakashi?"

"Haba dai. Sai na fara fitar da shi a takarda."

"To mu a ofis kai tsaye muke yanka, kuma yadin guda ɗaya ne, mu duka. Na samo mana takarda."

Wani ɗan ƙari ne da ake saka wa manhajar tarihin tasu, wanda ke kawo rassa marasa nauyi. Mutum ya buɗe reshe don aiki guda, ya sa masa sunan da ya ga dama, ya yi ta gwaji a ciki babu abin da zai taɓa babban layi. In ya gama, mai gwaji ta duba ta ce ya yi, shi da kansa ya mayar da shi cikin layin, sunan reshen kuma ya faɗi ya ɓace. Ba jira, ba layi a kan teburin kowa. Ya ce, "In kowa ya iya haɗa nasa, me zan zauna yi da safe?"

Ranar da ya nuna wa Manaja, mai gwajin ta ba ni labari tana dariya har da riƙe ciki. Saukar da abin bai kai shan kofin ruwa ba. Yaya ya rubuta umarnin buɗe reshe, kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarnin ba. Ya sake, ta sake. Manaja yana tsaye a bayansa ya harɗe hannu ya ce, "Ka gani ko?" Gumi ya keto wa Yaya. Can sai ya dafa goshi ya ce ai sakawa daban, kunnawa daban, kamar ka jona rediyo a bango ba ka murɗa ta ba. Ya buɗe fayil ɗin saiti, ya gangara inda ake jera irin waɗannan ƙarin, ya rubuta sunansa ya sa alamar daidai a gaba. Layi ɗaya tak. Ya sake ba da umarni, reshe ya buɗe. Ya sa masa suna "gwaji", ya canza wani abu, ya mayar da shi, suka duba tarihi, babu sunan babu alamarsa. Wannan ne ya shiga ran Manaja. Ya ce, "Ya ɓace gaba ɗaya? To na wancan ɗan iskan fa?" Yaya ya ce wancan kam sai haƙuri.

Bai yi aikin rabi da rabi ba. Ya bi tebur tebur ya saka, ya kunna, ya yi haka a babbar kwamfuta ma. Ya zauna da kowa ya sa shi ya buɗe reshe ya mayar da hannunsa, har Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin kuma ya fi kowa tsoron sabon abu. Sannan ya ɗauki kwaɗon ya ɗora a kan firij ɗin ofis ya ce ya yi ritaya. Har tafi aka yi masa.

Safiyar farko da ya zo, ina shara na ji sallamarsa. Baba yana kan tabarma da kofin shayi. Ya ɗaga kai, ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Injiniya! Kai ne sai yau?" Yaya ya durƙusa a gabansa. Baba ya kama kunnensa ya ja kamar yadda yake masa yana yaro, ya ce ya rame, ya ce furfura ta riga shi hankali. Ni dai na jingina da tsintsiya ina kallo, ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

Akwai wata tsohuwar rediyo ta Baba mai jikin katako, wadda ta yi shiru tun zamanin Mama. Baba ya sa aka sauko da ita daga kan kabad. Suka kwance bayanta, suka baje kusoshi a murfin gwangwani. Hannun Baba yana rawa, don haka shi ke nunawa, Yaya ke taɓawa. "Ba nan ba, kai! Wa ya koya maka aiki?" "Kai ne, Baba." "To ban gama ba ashe." Haka suka yi ta yi safiya bayan safiya. Wayar Yaya tana gefe, shiru, har yana ɗagawa ya duba ko ta mutu. Daga ƙarshe Baba ya gano ciwon, wani ɗan abu mai ƙafa biyu da ya kumbura, ya ce kwandensa ce, a nemo irinta a wurin masu tsofaffin kaya. Yaya ya ce zai nemo.

Kafin ya nemo ta, sai wayarsa ta yi ƙara. Manaja ne. Wani shago ya kusa sayar da maganin yara da lokacinsa ya wuce, saboda gargaɗin bai fito ba. Kuma an daɗe da gyara wannan kuskuren, Dogo ne ya gyara. Gyaran dai bai je ko'ina ba.

Yaya ya tafi ba shiri. Da ya buɗe babban layi sai ya ga tun ranar da ya fara zuwa gida babu wanda ya zuba ko harafi ɗaya da safe, sai ɗan abin da shi ya haɗa da rana. Rassa kuwa ga su nan birjik. Abin ya yi musu daɗi, kowa ya buɗe uku, huɗu, kamar ana rabawa kyauta. Da can layin jira yana sa mutum ya gama ɗaya kafin ya fara wani. Yanzu ba abin da ke tsayar da kowa.

Ya ce, "Dogo, me ya hana ka mayar da naka?"

"Na gama tuni, yana reshena. Jira nake a ba ni kwaɗo."

"Ai babu kwaɗo yanzu. Na nuna maka, da hannunka ka yi."

Dogo ya sosa ƙeya ya ce, "Wancan gwaji ne, Mai Kwaɗo. Wannan kuwa na gaske ne. In ya fashe, wa za a kira?"

Yaya ya juya ya dubi teburinsa, sai ga kwaɗon nan zaune kusa da kofin shayinsa. Wani ya sauko da shi daga kan firij, kuma har yau ba a sami wanda ya ce shi ne ba.

Rassan nan sun daɗe a ware, da yawa sun taɓa wuri ɗaya, wannan ya goge abin da wancan ya dogara da shi. Warware su sai mai haƙuri, kuma kowa ya san ko wane ne. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce 'yan kwanaki ne kawai, a share wannan tarin sannan ya koma safiyarsa. Yaya ya ce to. Tun da nake ban taɓa tsanar kalma irin wannan "to" ɗin nasa ba.

Yana share na jiya, na yau suna tsirowa. Na ce ya kashe ƙarin nan na rassa mana, ya ce Manaja yanzu ba zai yarda ba, aiki ya fi sauri. Na ce to ya jefa kwaɗon a kwata. Ashe ya gwada, ya sa shi a jaka ya tafi da shi gida. Washegari ya tarar an ɗora masa abin maƙala takarda a daidai wurin, suna kiransa kwaɗo. Dole ya mayar da na gasken, don sakataren ofis yana neman abin aikinsa. Na ce ya ajiye aikin gaba ɗaya. Ya dube ni, ya dubi ledar maganin Baba da ke rataye a ƙusa. Na gane, da albashin nan ake sayen maganin.

Baba ya koma tambayarsa ta safe. Rediyon tana nan a gefen tabarma, bayanta a buɗe, ya hana ni ko share wurin. Sai dai na lura safiyar tasa tana gajarcewa. Da can har rana ta shigo tsakar gida muna hira. Daga baya kafin shayi ya huce ya fara kallon bango. Na gaya wa Yaya a waya, ban ɓoye masa ba, na ce, "In za ka zo ka zo, ƙofar nan rufewa take yi." Ya ce saura kaɗan, Auta, saura kaɗan.

Ya zo kuwa. Wata safiya, bai gaya wa kowa a ofis ba, ya kashe ƙarar waya ya hau motar farko. Ya shigo da 'yar takarda a dunƙule a hannu, kwandensar ce a ciki, ya sha yawo kafin ya same ta. Baba yana zaune, ya yi wanka, ya sha shayi, ranar har sunana ya kira daidai. Na ce a raina Alhamdu lillahi, an dace.

Yaya ya gaishe shi, ya matso ya jawo rediyon. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kanta.

"Mai gyara ne?"

"Baba, ni ne."

"Sannu da zuwa. Amma ka bar ta, kada ka wahalar da kanka. Ɗana ya fara aikin, shi zai ƙarasa. Injiniya ne, ba ya son a taɓa masa aiki."

Na ce, "Baba, ai shi ne wannan! Dube shi da kyau!" Muryata ta tashi har ya firgita. Yaya ya ɗaga min hannu. Baba ya ƙura masa ido, ya daɗe yana kallo, da gaske yana nema. Sannan ya girgiza kai cikin jin kunya ya ce a yi haƙuri, tsufa ne.

Yaya ya warware takardar, ya sa kwandensar a murfin gwangwani tare da kusoshin. Wayar tana ta haske a aljihun rigarsa, tana mutuwa tana sake kamawa. Bai taɓa ta ba. Ya zauna a bakin tabarmar har rana ta shigo tsakar gida, Baba yana ba shi labarin ɗansa, yadda yake da hannu, yadda tun yana ƙarami ba ya ɓatar da ko kusa ɗaya, yadda wurin aikinsa ba sa iya komai in ba shi.

Da ya miƙe zai tafi, Baba ya ce, "Bawan Allah, in hanyarka ta bi ta wajensu, ka ce masa ya zo da safe. Da safe na fi ganewa."

Yaya ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce, "Zan gaya masa, Baba."